Takardar da Na Rubuta wa Tasalla

Asabar, 13 ga Afrilu, 2024

Firdausi, tsohuwar ɗalibata da ke aiki ɗakin shan magani, ta tara mata sha huɗu sun kafa ƙungiyar koyon magana gaban jama'a. Ta ce matan Sabon Birni in an kira taro sai mu toshe baki da gyale, maza su yanke, mu koma gida muna gunaguni. Ni suka roƙa in zame musu jagora. To wa za su roƙa? Shekara ashirin da biyu ina koyar da Hausa, ba walimar da ake yi garin nan ba a miƙa wa Malama Saude lasifika ba. Mun fara bayan la'asar, cikin ajina. Tsayuwa da sallama na koya musu. Rabinsu dariya kawai suka yi.

Asabar, 20 ga Afrilu

Kowa minti biyu, kan abin da ta fi sani. Yawancinsu ƙasa suke kallo. Sai Tasalla, mai daddawa, wadda ta taso daga wajen Tsamaye shekara biyu da suka wuce, lokacin da ƙauyensu ya watse. Ba ta yi boko ba, sai ɗan yaƙi da jahilci. Dafa kalwa fa kawai ta yi magana a kai. Amma ko mafici ba wadda ta motsa. Ni ma na manta da agogo, ta ci minti biyar.

Ba ta yi sallama yadda na koyar ba. Na faɗa mata gaban kowa.

Laraba, 24 ga Afrilu

Firdausi ta turo mini muryar Tasalla ta waya. Sau uku na saurara ina neman kuskure. Na sami biyu.

Asabar, 27 ga Afrilu

Wata ƙungiyar agaji za ta yi taro a Isa ran 11 ga Mayu, don zaɓen inda za a gina famfo mai aiki da hasken rana. Kowace unguwa minti biyar. Unguwar su Tasalla, inda masu gudun hijira suka taru, rijiya ɗaya gare su, ita ma ta kusa ƙafewa. Ni a raina har na zaɓi leshin da za ni sa. Sai Firdausi ta ce a ɗaga hannu a zaɓi wadda za ta yi wa unguwar magana. Sha ɗaya suka zaɓi Tasalla.

"Malama, ke za ki shirya muna ita."

In shirya ta. Na ce madalla, har da murmushi. Haƙorana sun yi ciwo.

Lahadi, 28 ga Afrilu

Maigidana ya ce tun jiya nake buga tukwane, wa ya taɓa ni? Na ce zafi ne.

Talata, 30 ga Afrilu

Na rubuta wa Tasalla jawabi, shafi uku. "Bisa la'akari da alƙaluman ƙididdiga." Har Turanci na yayyafa wuri biyu. Jawabi ne mai kyau, manyan baƙi irinsa suke so.

Na san yadda take karatu, yatsa kan kowane baƙi. Na sani.

Asabar, 4 ga Mayu

Gwaji. Tasalla ta tashi da takardar. Ta maƙale a layi na huɗu, ta koma farko, ta sake maƙalewa. Wata ta ƙyalƙyale daga baya. Tasalla ta dube ni ta ce, "Malama ki yi haƙuri, kin wahala kin rubuta. Kaina ne ba shi ɗauka."

Da aka tashi Firdausi ta raɗa mini, ko dai ni za ni yi? Abin da nake jira ke nan. Wani sanyi ya ratsa ƙirjina, ba za ni ɓoye wa littafin nan ba. Amma da na buɗe baki sai na ji na ce, "Mu dai gani." Ban san dalili ba.

Talata, 7 ga Mayu

Tasalla ta zo gidana da azahar, da ƙullin daddawa. Takardar ta yi laushi kamar tsumma. Ta haddace shafin farko, ɗiyarta ke karanta mata tana bi. Kwana biyu ba ta fita da kayan sana'a ba saboda hadda. Ta ce, "Malama, mi an nan ƙididdiga? Kar a tambaye ni in kunyata ki."

In kunyata ki. Haka ta ce.

Na ga tafin hannunta duk ya tsattsage, na tambaya. Igiyar guga ce. Daga nan ta ɓalle da magana. Yadda suke layi tun asuba, yadda ruwan ke fitowa ja kamar kunun kanwa, yadda wata maƙwabciyarta ta haihu aka rasa ruwan wanke jariri har aka bi gida gida da kwanon sha. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Shinkafata ta ƙone a wuta ina zaune.

Na karɓi takardar na ce akwai gyara. Tana cikin akwatina.

Asabar, 11 ga Mayu

Isa. Hanya dai sai addu'a, mun je mun dawo lafiya, alhamdulillahi. Cikin mota Tasalla ta miƙo hannu, in ba ta takarda. Na ce na manta ta gida.

"Innalillahi! Malama, kin kashe ni!"

Na ce, "Abin da kika faɗa mini ran Talata shi za ki faɗa. Kar ki ƙara ko kalma ɗaya daga cikin nawa."

Mutum shida suka riga ta, duk da takardu, duk irin tawa. Mutane na ta danna waya. Sai ta tashi. Ta manta da gaishe da manyan baƙi. Da ta kai kan jaririn, matar da ke rubutu a teburin baƙi ta ajiye biro.

Bayan taro aka yanyame ta. Wace ce wannan, daga ina? Ni ina gefen taga da leshina, ba wanda ya ce mini ko sannu. Ya yi mini zafi. Har yanzu yana yi.

Alhamis, 16 ga Mayu

Unguwa biyu aka ba famfon, har da tasu. Tun ba a haƙa ba mata na kiransa famfon Tasalla. To.

Asabar, 18 ga Mayu

Halima da ke cikin jerin masu magana yau ba ta zo ba, aka sami gurbi, sai na tashi na yi minti biyun. Ƙa'idar ƙungiya, duk wadda ta yi magana wata ta yi mata gyara. Ba wadda ta ɗaga hannu. Na ce, "Tasalla."

Ta daɗe tana murza bakin gyale. Sannan ta ce, "Malama, maganarki ta yi daɗi ƙwarai. Sai dai ban gane da wa kike yi ba. Kamar da wasu manya da ba su nan."

Na ce na gode, mai bi.

Ba duka ne gaskiya ba. Kuma ba haka ake gyara ba, sai an fara da yabo uku, na sha faɗa musu.

Na sa sunana cikin jerin Asabar mai zuwa, na uku, bayan Rahmatu. Ko da Halima ta zo.