Matan Yidish Sun Samu Mai Ɗaukar Murya, Gwaggo Yagana Ba Ta Samu Ba

Zuwa ga Darektan gidan rediyonmu na nan Damagaram,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata. Ranka ya daɗe, ni ce Falmata, tsohuwar malamar lakwal, wato makarantar boko, daga Birni. Na rubuto a fili ne domin na gaji da zaman benci a ƙofar ofishinka.

Na ɗaya. Lahadi huɗu a jere kuka sa shiri kan waƙoƙin Yidish, harshen Yahudawan gabashin Turai. Ban tsallake ko ɗaya ba. Na ji cewa harshen gamin gambiza ne na Jamusanci da Ibrananci da harsunan maƙwabta, ana rubuta shi da baƙaƙen addininsu, kamar ajaminmu. Na ji cewa mata ne suka fi riƙe waƙoƙin, ba ganga ba goge: ta raino, ta amarya, ta tela mai kwana kan ɗinki, ta uwar da sarkin Rasha ya ɗauke wa ɗa zuwa soja. Masu iliminsu suka bi ƙauyuka suna rubutawa, suna ɗaukar murya. Da babban yaƙin duniya ya cinye masu harshen, waɗanda suka tsira ma zaunar da su aka yi suka rera.

Ban zo da maganar addini ko siyasa ba. Shirin ya yi kyau, kuma kyan nasa ne ya hana ni sukuni. Kishi nake, ranka ya daɗe, ba zan ɓoye ba.

Na biyu. Ina da gwaggo a Hamdara, Yagana, ƙanwar mahaifina. Kakanninmu daga Barno suka zo, waƙoƙinta rabi Barbarci ne rabi Hausa: ta niƙa, ta lallen amarya, ta matar da mijinta ya bi ayari arewa bai dawo ba. Ni da na yi boko ban riƙe ko uku ba. Damina biyu ke nan ina roƙon ku tura mai na'ura. Zuwan farko aka ce kana taro. Na biyu sakatarenka ya karɓi takardata. Na uku ya ce masu sauraro ba sa son kukan tsofaffi. To, waɗanda kuka sa mana wata guda, 'yan mata ne?

Na uku, wanda ya fi ci mini rai. Lahadin ƙarshe ina Hamdara, na kunna rediyo kusa da Gwaggo. Aka sa wata mata tana waƙar raino. Gwaggo ba ta san kalma ɗaya ba, amma ta ce wannan jaririn zazzaɓi yake. Ta tambaye ni ko matar tana raye. Na ce da wuya, an daɗe da ɗaukar muryar. Sai ta ce matar nan ta yi sa'ar 'ya'ya. Na rasa inda zan sa fuskata. Ta so ta rama da tata waƙar rainon, ta kai baiti na biyu ta tsaya, sauran ya ɓace mata. Bara waƙar nan tana bakinta har ƙarshe.

Na gwada ɗaukar muryarta da wayata, iska da kukan awaki suka rufe ta. Kuma abin da ke waya, ranar da ta faɗa ruwa ya tafi.

Roƙona biyu ne. Kada ku daina waƙoƙin Yidish, ku ma maimaita, ko wani ya ji kunyar da na ji. Sannan ku turo mutum ɗaya da na'ura, ni zan raka shi. Ya zo da hantsi, domin daga la'asar Gwaggo ba ta gane ko ni.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi riƙo da hannunka, ya ba ka 'ya'yan da za su tuna muryarka.

Wassalam.
Falmata, Birni, Damagaram