Baba, Lasisina Ya Kasa Haye Kogi

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Bitrus, hedimasta,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da ladabin da ka koya mini. Shekara biyu ke nan da rasuwarka, amma har yau in abu ya ci mini rai, kai nake fara nema.

Ka san na yi shekara shida ina koyar da lissafi a Gaithersburg da lasisin jihar Maryland. Kai ne ma ka yi ta yawo da hotonsa a Zonkwa kana nuna wa mutane. To, bara mijina Ishaya ya samu aiki kusa da filin jirgin Dulles, muka tattara muka koma Sterling, a jihar Virginia. Kogi ɗaya ne tsakani, Baba, tafiyar kamar daga gida zuwa Kafanchan.

Ashe a wannan gaɓar ni ba malama ba ce.

Shugabar wata makaranta ta zauna ta ga darasina, ta ce ajin lissafinsu nawa ne in na kawo lasisin wannan jihar kafin ƙarshen Agusta. Na tafi ofishin da ke ba da lasisin. Da ma ka ga mutumin da aka ɗora a kan takarduna! Yana taunar cingam, yana juya fayil ɗina da yatsa ɗaya kamar a kwata ya tsinto shi. Ya tambaye ni kalma-kalma, kamar mai magana da kurma, wai ko da Turanci ake karatu a ƙasarmu. Sannan ya ɗauki kalkuleta ya haɗa sa'o'in darussan da na yi a jami'a, ya haɗa ba daidai ba. Daga inda nake zaune, takardar tana juye, na gyara masa. Ko kunya bai ji ba. Irinsu ba sa ji.

Hukuncinsa shi ne sai jami'ata ta Zariya ta sake aiko sakamakona, wanda Maryland ta karɓa tuntuni. Kuma sai na yi kwas ɗin kiwon lafiya. Ni, uwar yara uku, na zauna wata huɗu ana koya mini amfanin wanke hannu.

Agusta ta wuce. Aka ba wani mai digirin wasan motsa jiki ajin, don shi yana da takardarsu. Ni kuwa aka ɗauke ni mai riƙon aji in wani malami ya yi mura. Lokacin hutun tara wanda aka ba ajin yakan lallaɓo da littafi a hammata, in yi masa bayanin darasin gobe. Nakan yi masa, saboda yaran.

Kullum kana cewa, "Rifkatu, kada ki raina ɗan Adam." Ka gafarce ni, Baba. Na yi ƙoƙari, na kasa.

Makon jiya lasisin ya zo. Na jefa shi a aljihun tebur na kicin, tare da takardar garantin firiji. Abin da ya sa ni kuka shi ne na ɗauki biro zan rubuto maka albishir, har na rubuta adireshi, kafin na tuna.

Yanzu an ba ni aji, ranar Litinin zan shiga ajina. Zan tsaya a bakin ƙofa in gai da kowane yaro da sunansa, yadda kake yi.

Allah ya ba ka hutawa a wurinsa, ya sada mu a ranar ƙarshe. Ya kuma wanke mini zuciya, don har yanzu da saura.

'Yarka,
Rifkatu
Sterling, Janairu 1988