Ogden Yana Cikin Kwalinsa

Barnsley, 4 ga Maris

Yaya Glenys,

Gaisuwa mai yawa. Ya gwiwar taki, ya sanyin Whitby? Mu lafiya lau, sai kasuwa da ruwan sama ya kashe.

Na ga wasiƙarki, kuma amsata a'a ce. Da na sani ma ban gaya miki abin da na tsinta a saman silin gidan marigayiya Mama ba. E, mutum-mutumin wasa na Ogden ne, bushiyar nan mai gadin tashar jirgin ƙasa da muke zama gaban talabijin dominsa kullum ƙarfe huɗu. Sabo fil, a kwalinsa, da rubutun Mama: na Glenys da Trevor, Kirsimetin 1974. Kin tuna mun hango shi a shago muka soma dambe kan wa zai fara jan igiyarsa ya yi magana, ta ce ba za mu gan shi ba sai ranar da muka daina faɗa? Ashe ta saya. Shekara hamsin tana jira, matar nan!

Yanzu wai in kawo miki ki buɗe. Yaya, shekara talatin nake sayar da tsofaffin kayan wasa. Darajar abin nan tana jikin liƙin kwalin. Kina farke shi ya zama tsumma mai ido. Ranar Asabar wani mai tara irinsu zai zo daga Leeds, mu raba abin da ya bayar. Kewar yarinta kayan sayarwa ce a wurina, ban taɓa sha daga cikin hajata ba.

Ƙaninki,
Trevor

Barnsley, 10 ga Maris

Yaya Glenys,

Ina gaisuwa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Ni kam raina a ɓace yake.

Mutumin ya zo da farar safar hannu kamar likita. Ya juya kwalin, ya haska tocila, ya yi tayin da ya sa na nemi kujera. Har na miƙa hannu, sai ya ce zai sa ɓeran a akwatin gilashi. Ɓera! Na tambaye shi me Ogden yake cewa in jirgi ya wuce. Wai bai taɓa kallo ba, shi ajiya yake yi. Ban san lokacin da na daka masa tsawa na ce, "Shayi ya yi!" ba, da muryar Ogden, a tsakiyar kasuwa, mai kifi yana kallona. Ya tattara safarsa ya tafi, har yau 'yan layinmu da haka suke gaishe ni.

Duk ke kika jawo, da wasiƙarki mai sa mutum tunani.

Ban buɗe ba. Sharaɗin Mama yana nan, don haka na daina faɗa da ke daga yau. Ki hau jirgin Lahadi, ki zo da almakashi, zan dafa shayi.

Amma ni zan fara jan igiyar. Ni na tsinto shi.

Ƙaninki,
Trevor