Igiya Mai Ƙulli Biyu

Daga Babban Injiniya Mai Duba Taraktoci, Itatuwa da Abin da ke Tsakaninsu,
zuwa ga Manaja, mai shagon kayan gini a birni.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda manya suke yi wa na ƙasa da su, ina fatan kana lafiya kai da iyali.

Labari ya iso ofishina cewa za ka sayo wa gonar mahaifinku tarakta babba, ja, irin wadda sai an taka matakala uku kafin a zauna. Na kuma ji ka yi magana da mai injin yankan katako, zai zo Asabar ta sama ya kayar da mangwaro ɗaya cikin biyun da ke bakin shiga, da layin tsamiyar da ya gangara rafi, don ta samu hanya. Allah ya ba da ladan niyya. Amma niyya daban, awo daban.

Na zaga gonar da ƙafata ba tare da sanarwa ba, don mu manya haka muke aiki. Manaja, gonarku ba fili ba ce, kurmi ne da aka koya wa ladabi. Itace yana ba itace wuri, saiwa tana gaisawa da saiwa a ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya shuka su ya san abin da yake yi.

A cikin ƙunshin nan akwai igiya mai ƙulli biyu. Daga ƙulli zuwa ƙulli, shi ne faɗin hanya mafi ƙunci a gonar. Duk taraktar da ta fi wannan faɗi, ofishina bai amince da ita ba.

Kada ka wahalar da kanka neman lambar wayata, ba na amsa waya sai ta waɗanda suka fi ni, su kuma ba su da yawa. Ka ba direban da ke kawo muku mangwaro amsa, ya san inda zai ajiye ta.

Haza wassalam.
Babban Injiniya.

*

Zuwa ga Babban Injiniya,

Ranka ya daɗe, amin wa'alaikumus salam. Na karɓi wasiƙarka hannu biyu. Har na nuna wa maƙwabtana na layin shaguna, su san irin mutanen da ke rubuto min.

Amma ka ba ni dama in faɗi nawa. Mahaifinmu ya tsufa da fartanya a hannu. Mutanen ƙauye suna cewa yana da ɗa a birni, amma ba a ga alama ba. Ina so ranar da taraktar nan za ta shigo, a ji rurinta tun daga kasuwa, kowa ya fito ƙofar gida ya tambayi ta wane ce. Dillali ya nuna min wata ƙarama, wallahi sai da na yi dariya. Abu kamar a ɗaure ta a turke a zuba mata dusa. In na kai wa Baba wannan, ai na zama abin labari.

Itace kuwa, ranka ya daɗe, in an sare wani zai tsiro.

Autanmu da ke zaune a gonar ya taɓa yi min irin wannan maganar ta awo, na kore shi. Yaron kirki ne, amma allo kaɗai ya yi, ko ƙofar aji bai taɓa leƙawa ba, kuma ba shi da aiki sai tsokana. Shi ne ya taɓa sa wa jakin maƙwabcinmu hula da tabarau ya kora shi kasuwa. In kun haɗu a gonar, ka yi haƙuri da bakinsa. Maganar da ta fito daga mai ilimi irinka kuwa dole in tsaya in saurara. Ka ƙara min bayani.

Naka mai biyayya,
Manaja.

*

Zuwa ga mijina ƙarami, Auta, Babban Injiniyan ƙarya,

Salamu alaikum. Ina gajiya? Yaya ofis? Yaya ma'aikatanka, wato awaki uku da tsohon kare?

Yayanka ya shigo gida da wasiƙar yana tafiya kamar an ba shi sarauta. Ina karɓa na kai hanci, sai ƙamshin tawadar allo, har da ƙaron da kuke zuba mata. Hatimin kuwa marfin kwalba ne, na ƙirga haƙoransa. Layukan rubutun duk sun karkata, kamar hannun yana so ya koma dama inda ya saba farawa. Kuma duk duniya wa zai ce wa gona kurmin da aka koya wa ladabi in ba kai ba? Sai da na shiga kicin na toshe baki da mayafi.

Ba zan tona ka ba. Ladana kwandon farko na mangwaron bakin shiga, in ka yi nasarar tsirar da shi.

Amma ji nan, mai gidana. Yayanka ba zai ji maganar ƙarfe ba, don ba ƙarfe yake so ya saya ba, suna yake so ya saya wa Baba. Ka faɗa masa abin da na gani da idona zuwana na ƙarshe. Shi bai sani ba. Duk ranar da zai zo, Baba yana riga shi zama a kan tabarma, ba ya tashi sai ya tafi. Saura kwana tara Asabar. Ka bar wasa haka nan, ko ka yi wasan da zai yi aiki.

Matar yayanka, wadda ta fi ka wayo.

*

Daga Babban Injiniya, zuwa ga Manaja.

Assalamu alaikum. Na ga amsarka, kuma na yaba da ladabinka. Ka ci gaba da haka, za ka yi nisa.

Ka nemi bayani, to buɗe kunne. Babbar taraktar nan ta fili ce, inda za ta miƙe ta yi tafiya ba ta ga ko inuwa ba. A gonarku kafin ta juya sau ɗaya sai ta nemi wurin da ya kai filin ƙwallo. Salansarta a tsaye take kamar wuyan raƙumi, reshen farko zai karya ta. Nauyinta zai danne saiwoyi, itacen da ba ka sare ba ma zai bi bayan wanda ka sare, sai dai shi a hankali zai mutu.

Abin da kurmi yake so shi ne gajera mai ƙwari. Ka nemi wadda tayoyinta huɗu duk suna ja, saboda gangaren rafi yana santsi da damina. Ka duba cikinta ya ɗaga daga ƙasa, don akwai kututture da yawa a ɓoye cikin ciyawa. Ka tabbata tana da cokali a gaba na ɗaukar gungume da taki, da wurin ɗaura garma da 'yar tirela a baya, da ƙarfen nan da ke bisa kan direba don ko ta kife. Kafin ka yarda da kowace, ka tambayi bakaniken ƙauye ko yana samun kayan gyaranta. Tarakta ba amarya ba ce da za a zaɓa don kyan fuska.

Yanzu ga abin da ba ya cikin littattafan ofishina.

Da na je gonar, na ga wani dattijo ya fito bayan hantsi, ba sanda, ba ɗan jagora. Ya dafa mangwaron dama, ya miƙa hannu ya taɓa na hagu. Daga nan ya bi layin tsamiya, taku bakwai ya dafa ɗaya, taku bakwai ya dafa ta gaba, yana kiran kowace da sunan da ya sa mata, har ya isa rafi ya wanke fuska ya dawo. Idonsa ya tafi, Manaja. Tun bara ba ya ganin komai sai haske da duhu. Itatuwan nan su ne idonsa. A cikinsu shi mai gona ne, ba ya neman hannun kowa. Ranar da aka kayar da su, zai miƙa hannu ya taɓa iska, daga nan kuma sai zaman ɗaki.

Ka ce in an sare wani zai tsiro. Gaskiya ne. Ka lissafa shekarun da tsamiya take yi kafin ta isa a dafa ta, ka lissafa na dattijon.

Ka ɗauki igiyar ka je wurin dillali. Kada ka aiki yaro.

Wassalam.
Babban Injiniya.

*

Zuwa ga Babban Injiniya,

Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara girma.

Na karanta wasiƙarka a shago, sai na ce wa yaran su kula da ciniki, na shiga sito na rufe ƙofa. Ban san na daɗe ba sai da aka ƙwanƙwasa. Ni da nake zuwa duk wata biyu, in durƙusa in gaishe shi, yana yi min murmushi yana yabon rigata. Ashe rigar ma ba ganinta yake yi ba.

Washegari na je wurin dillali da igiyarka a aljihu. Da na fito da ita yaransa suka kama dariya, wai ko rago na zo saya. Ban kula su ba. Na durƙusa da babbar rigata a cikin baƙin mai, na auna ja ɗin nan daga taya zuwa taya. Ta haura ƙulli da kamu guda har da ɗoriya. Na auna wata shuɗiya, ita ma ta haura. Da na zo kan ƙaramar da na raina, igiya ta rufe ta har da rarar tafin hannu biyu. Na yi masa tambayoyinka ɗaya bayan ɗaya, na tayoyi, na cokali, na kayan gyara. Dillali ya daina dariya, ya jawo min kujera, ya ce wa ya koya min? Na ce ina da manya.

Ita na ɗauka. Mai injin yankan katako kuma na aika masa ya yi zamansa.

Abu ɗaya yake ci min rai: Auta yana kwana gida ɗaya da Baba, me ya hana shi faɗa min? Sai baƙo ne zai gani?

Za a kawo ta ranar Asabar ɗin nan da aka sa za a yi saran. Ina roƙon ka halarta. Na sa tela ya ɗinka maka riga. Ban san awonka ba, amma mai irin wannan magana ba zai zama ƙaramin mutum ba, don haka na ce ya sake hannu.

Naka har kullum,
Manaja.

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Ka gaida Baba da kyau.

Ranar Asabar muna da babban baƙo, injiniya ne. Ka share bakin shiga, ka ɗaure karen nan, ka sa tufafi masu tsabta. In yana magana ka yi shiru ka saurara, ko Allah zai sa ka tsinci wani abu. Don girman Allah kada ka kunyata ni.

Yayanka.

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun isa gida lafiya, kai da uwargidana.

Yaya, kowa ya ga abin da ka yi wa Baba. Ba a ji rurin taraktar daga kasuwa ba, amma kasuwar ce ta taso ta zo. Da na shigo da ita tsakanin mangwaron nan biyu ko ganye bai faɗi ba, na gangara layin tsamiya, na ɗauko gungumen da ya shekara uku yana tare hanya, na juyo a inda jaki ma sai ya yi tunani. Ka ga Baba, hannu ɗaya a jikin itace, ɗaya a jikin tarakta, yana cewa ɗana ne ya sayo, kuma ya san gonar ubansa. Ni ma sai da na ji kaina ya yi girma.

Kai kuwa kana bakin hanya da riga a ninke a hannu, kana leƙen kowace mota har la'asar. Sau uku na taho in yi maka magana, sai in ga mutane, in koma. Ba zan kwance maka zani a kasuwa ba.

Ka tuna da ka miƙa wa Baba igiyar kana ba shi labari? Ya shafa ƙullin, ya yi dariya har da tari, ya ce injiniyan nan ɓarawo ne. Ka ɗauka tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Igiyarsa ce, da ita ya auna faɗin hanya tsakanin itatuwan tun ba a haife mu ba. A ƙarƙashin gadonsa na ɗauko ta.

Baƙonka ya zo, Yaya. Shi ya share bakin shiga, shi ya ɗaure kare. Ofishinsa gindin tsamiya ta huɗu ne. Bokon a jikin kwalayen kayan gyara ya koye shi, taraktar kuma rani uku yana kwance ƙarƙashinta a garejin bakanike.

Ka tambayi me ya hana Auta faɗa maka zancen idon Baba. Sau biyu na fara, ka ce in je in wanke allona. To na wanke, na yi rubutu da tawadar.

Ka yafe min. In duka ne, na san na ci, amma ka bari sai na gama huɗar gangaren rafi.

Matarka ta damƙa min rigar kafin ku tafi. Na gode, ɗinki ya yi kyau. Sai dai ni da Baba da karen duk mun shiga ciki, kuma akwai sauran wuri. Ka sake sayen abu ba awo. Ga wata igiya nan cikin ambulan, ita ma ƙulli biyu. Faɗin kafaɗata ne. Ka kai wa tela da kanka, kada ka aiki yaro.

Ƙaninka,
Babban Injiniya, wato Auta.