Salula Mai Shafa

Tawa, ran Lahadi

Zuwa ga abokina Mamman,

Salamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida su Inna da mutanen gari duka. Na iso Tawa lahiya, na samu aikin lebura wajen wani gini, muna kwaɓa siminti. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san lakwal aji ukku nat tsaya. Ɗanladi direba za shi kawo maka wagga takarda.

Mamman, salular nan mai shafa da munka yi musanya a tasha, kai ka ɗauki tawa mai maɓalli, kac ce wagga ta 'yan birni ce, wallahi ta gagare ni. Pis ɗina, wato katin layina, bai shiga ba sai da wani mai gyara yay yanke shi da almakashi, yanzu ba shi zama cikin wata waya. In an kira sai na shafa gilas, to siminti ya cinye mini yatsu, ina shafa tana kallona. Sai na lasa yatsa ko in sa hanci. Leburori sun sa mini suna Mai Sumbatar Gilas. Batiri kuwa in ta ƙoshi da safe, kahin la'asar ta suma.

Babban abin shi ne in na kara ta a kunne sai magana ta yanke. Jiya da ka kai ma Zahara waya bisa tudu, na ji tac ce «Isufu, kana lahiya?» shi ke nan, shiru. Don Allah ka ce mata ba ni na kashe ba. Kai ne ɗan aikena tun farko, kai kak kai mata zoben nan. Ka tambayo mini yaushe babanta, Baba Almustafa, za shi yi maganar sa rana.

Naka har kullum,
Isufu

*

Ƙauye, ranar Talata

Zuwa ga Isufu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, takardarka ta same ni. Na yi dariya ƙwarai. Wayar nan lafiyarta lau, yayana daga Abijan ya kawo ta, kai ne ba ka waye ba tukuna. Abin da ke yanke magana rezo ne, wato sabis ɗin waya, kowa ya san haka. Ka yi haƙuri za ka saba.

Zahara lafiya lau. Kullum da yamma nakan raka ta tudu mu nemi rezo, ba ta samunka, muna dawowa ina ba ta haƙuri.

Game da mahaifinta: tunda babanka ya rasu, kawunka kuma yana Libiya, ya ce yana so ya ji magana daga bakinka kafin ya tara 'yan'uwansa. Ranar Juma'a bayan masallaci zai hau tudu da kansa, zan kira maka. Ka shirya.

Ka huta lafiya.
Mamman

*

Tawa, ran Asabar

Mamman,

Salamu alaikum. Ban iya doguwar gaisuwa yau, ka gahwarce ni.

Kai kana wurin, ka ga naku gefe, bari in gaya maka nawa. Tun safe na kai ta caji, na wanke hannu da sabulu, na shafa man kaɗe ga yatsu. Da ta yi ƙara, shafa guda ta ɗauka, nac ce alhamdu lillahi. Ina jin muryar Baba sai nad durƙusa nan bakin masallaci, na tuɓe takalmi, na riƙe ta hannu biyu, na sunkuyar da kai kamar yadda aka gaida suruki. Yac ce «Isufu, ina gajiya?» Ban kai ga amsawa ba ta yanke. Kunka sake kira, na ƙara sunkuyawa, na ƙara danne ta ga kunne don kar kalma guda ta ɓace mini. Ta yanke. Na ukku yana cikin cewa «ɗana, maganar yarinyar nan...» ta yanke. Na kira, na kira, an ce waya kashe take.

Na koma wajen mai gyara kamar in yi kuka. Ya duba yac ce ba rezo ba ne, wani ɗan ido ne da ke sama ya mutu, kumatuna ke taɓa wurin kashewa. Wai in riƙe ta nesa da huska ko in buɗe murya kowa shi ji. Mamman, ƙaƙa zan riƙe suruki nesa kamar abin wari? Ko in watsa muryarshi a titi masu kabu-kabu na saurare?

Na ari wayar wani lebura na yi ta kiranka, ba ka ɗauka, ƙila ba ka kan tudu. Patoro, maigidanmu wurin aiki, ya ce ba mai tahiya gida sai an zuba rufin bene. Don girman Allah ka je wajen Baba ka karanta mashi wagga takarda. Tsoho da ciwon gwiwa ya hau tudun nan da sanda saboda ni. Ka ce mashi a durƙushe nike, ka ce mashi ladabi ne ya kashe wayar. Ba ni da kowa nan sai kai.

Ina jiranka,
Isufu

*

Gida, ran Alhamis

Ƙanena Isufu,

Ina gaishe ka, ya aiki, ya baƙunta. Inna na gaishe ka. Ni ce Raƙiya, da hannuna na rubuta, karatun manya da kuke mini dariya ga ranarshi.

Kai sakarai ne ko mi? Mako biyu kana can kana jiran Mamman. Ran Juma'ar nan Baba Almustafa ya sauko tudu ana riƙe da shi. A gindin tudu ya tambayi Mamman, «Wayar ce ko yaron ne?» Mutane na tsaye. Mamman yac ce, «To Baba, wayar dai sabuwa ce daga Abijan, ni ba ta taɓa yi mini haka ba. Birni kan canza mutum.» Baba yac ce ko bare ba a yanke mashi gaisuwa, balle wanda kake neman ɗiyarshi.

Takardarka ba wanda anka karanta ma. Ni ma Ɗanladi ne yac ce mini ya kawo ta.

Shekaranjiya wajen rijiya uwar Mamman na ba da labari tana dariya, ba ta san ina bayanta ba. Wai lokacin da wayar ke hannun ɗanta, duk sa'ad da yayanshi ya kira daga Abijan ta kara a kunne sai ta mutu, har Mamman yar rantse sai ya rabu da wannan tsiya. Ka ji? Ya san ciwonta tun kahin shi ba ka.

Na je wajen Baba in faɗa mashi, yac ce maganar maza ce, kuma ya riga ya ba da baki. Isufu, baffannin Mamman sun je gaisuwa gidan. Zahara ban san cikinta ba. Na tare ta, tac ce, «Raƙiya, kullum ni ka hawa tudu, shi ko sau ɗaya bai ƙarasa mini magana ba.» Zoben dai ban gan shi ga hannunta ba.

Ka ci abinci, kar ka sa ma kanka ciwo.
Yayarka Raƙiya

*

Tawa, ran Lahadi

Mamman,

Salamu alaikum, don sallama ta Allah ce.

Raƙiya ta rubuto mini. Na karanta na ba wani ya sake karanta mini, ko ni ne ban iya ba. Har yanzu ban gane ba. Tare anka yi muna kaciya, tabarma guda munka kwanta. Ran da munka rabu a tasha kai kas sa mini wayar ga aljihu da hannunka, kac ce ango bai kamata shi riƙe ta tsohi ba. Ni kuwa ina ta murna, ina nuna ma mutane cikin mota. Tun ran nan ka shirya, ko daga baya ne abin ya zo maka bisa tudu? Wannan kaɗai nike so in sani.

Kullum ina zagin wayar, ina ce mata maciya amana. Ashe ita ba ta ɓoye mini komi ba, tun ran farko ta nuna halinta.

In ƙarya anka yi maka, ka rubuto kalma guda, wallahi zan yarda da kai. In ba ƙarya ba ce, har yanzu da sauran hanya: ka je ka ce ma Baba a durƙushe nike. Ba sai ka ce komi kanka ba.

Isufu

*

Tawa, ran Lahadi

Mamman,

Ɗanladi ya kawo mini goron sa ranarku da Zahara. Na tambaye shi takarda, yac ce babu.

Ga wayarka nan cikin tsumma, na cika mata caji, na cire pis ɗina. Ita ce gudummawata. Ran da za ka gaida Baba da ita, ka durƙusa da kyau.

Tawa mai maɓalli ka ba Raƙiya.

Isufu