Notin Injin Moton Baba

Bismillahi. Ni Maltiti, 'yar marigayi Alhassan mai gyaran moto, wato babur, a unguwar Sakasaka, ina rubuta wannan da hankalina cikakke, ko da yake sikila ta cinye jikina. Jiya likita ya ja mahaifiyarmu Mma waje suka yi magana, ta dawo ba ta iya kallona. Na gane.

Yaya Abdulfatawu, Yaya Sidiki, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ni na lalata moton Baba.

Ranar da Yaya Sidiki ya ce zai hau shi ya tafi haƙar zinariya a kudu, tsoro ya kama ni. Na ɗauki sifana na sassauta noti biyu da ke riƙe da injin, na kuma murɗa sukurun iska na kafireta ciki. Na ɗauka kwana biyu zai yi ya fasa tafiyar. Ban san za ku yi wata huɗu ba ku gaisawa, kowa na cewa ɗan'uwansa ne ya kashe abin da Baba ya bari ba.

1. Ku daina canza fulogi. Sau uku kun canza, kullum yana fitowa baƙi ƙirin, don mai ya fi iska yawa. Ba laifin man kwalba da ake saya a Kukuo ba ne. Ku mayar da sukurun waje, juyi ɗaya da rabi, sannan ku saurara. Tarin da injin ke yi zai ragu.

2. Girgizar da moton ke yi kuma daban ce. Baba yakan ɗora kofin ruwa a kan tanki ya tayar da inji. Ina zaune a bayansa ina wanke kwanoni, bai san ina koyo ba. In ruwan ya yi rawa kaɗan, lafiya. In ya fantsalo, sai ya duba noti kafin ya buɗe inji. Ku duba noti biyun da na sassauta, suna ƙasa, wajen maɗorin ƙafa. Na je in ɗaure su a watan azumi, hannuna ya kasa juya sifanar. Aikin mutum biyu ne, ɗaya ya tallafe injin, ɗaya ya ɗaure. Kada ku kira wani.

3. In kun ɗaure kuka ji ƙwanƙwasa daga can cikin inji, to na makara, girgizar ta ci ƙarfen. Wannan ba ni da maganinsa. Kada ɗayanku ya zargi ɗaya.

4. Akwatin sifanu na ku biyu ne, kada a raba shi. Mayafina shuɗi da littattafaina na firamare na ƙanwata Mashudatu ne. In ta tsaya kallon kuna gyara, kada ku kore ta.

Ban ce ku yafe mini ba, don ban san ko na cancanta ba. Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku a hanya. Ku koma cin tuwo a kwano ɗaya, Mma ta gaji da zubawa biyu. Ku riƙe ta, ku riƙe juna.

Yaya Sidiki, in moton ya tashi, ka tafi. Na roƙi Mma in lokacina ya yi kana hanya, kada a kira ka ka juyo.