Kwaɗo Uku a Ƙofar Sito

Wara, 6 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Dudu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da ke da maigidanki da yara duka. Yaya ƙafar taki? An ce har yanzu ba ta barin ki hawa mota, don haka kada ki damu da rashin zuwanki gaisuwa. Kin ce in faɗa miki yadda abin ya faru, a waya kuma na kasa, shi ya sa na rubuta. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a aji shida na tsaya.

Albasa ce ta sanar da ni. Ina rumfar banda da hantsi, na ga mutane suna gudu zuwa bakin ruwa. Ban tashi ba, don kifina yana kan wuta. Sai Delu, wadda muke banda tare, ta zo ta ja hannuna. Da muka isa na ga albasa ta rufe ruwa, iska tana turo ta gaɓa. Wani ya jawo buhu guda da bai kwance ba. An ɗaure bakinsa da ƙyallen tsohon zanena mai ganye-ganye, wanda na yayyaga wa maigidana Malam don ya riƙa gane buhunansa a jirgi. Nan na gane.

Daga tsallake suke tahowa, jirgin ya hau kan kututture, irin itatuwan nan da ruwa ya shanye tun da aka yi dam. Mutum talatin da ɗaya ne a ciki, tara suka rasu. Waɗanda suka iya ruwa duk sun fita. Kin san Malam, shekara ashirin da shida yana zaune a bakin tafki bai koyi iyo ba. Sarkin Ruwa Shu'aibu ya ce an gan shi riƙe da jarka na ɗan lokaci, kafin jiragen ceto su kai ta suɓuce masa. Washegari aka same shi, aka yi masa sutura a bakin ruwa. Allah ya jiƙansa.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa a dangi ba, ke zan faɗa wa. Bara an kawo mana wani shiri na kiyaye rayuka a kan ruwa. Ɓangare uku ne a ciki: gwamnati, da wasu masu ba da tallafi daga ƙasar waje, da ƙungiyoyinmu na gari. Matan banda suka tura ni in wakilce su. An ce za a kawo rigunan ruwa, irin masu hana mutum nutsewa, guda ɗari huɗu, daga baya kuma a cire kututtura daga hanyar jirage.

A wajen taro aka tsaya a kan wanda zai riƙe sito. Kin san abin da ya sami taki da tarunan kamun kifin da aka taɓa kawo mana, ba wanda ya yarda da wani. Ni ce na miƙe na ce to kowane ɓangare ya sa kwaɗonsa, kada a buɗe sai masu makulli uku sun haɗu. Aka yi mini tafi, Yaya. Baturiyar da ta zo daga wajen masu tallafi ta sa aka rubuta a yarjejeniya, har ta ce za su kai dabarar wasu jihohi. Makullin gari ni aka ba.

Rigunan sun iso a watan Janairu. Ranar da aka sauke su aka sa mini ɗaya don ɗaukar hoto, na cire na mayar cikin kwali da hannuna. Da na koma gida na ba Malam labari, ya yi dariya ya ce, "Hajiya mai makulli, da kin ɓoyo wa tsohonki ɗaya a ƙarƙashin mayafi." Na ce masa amana ce, ya jira a raba. Ya ce, "To, mun jira."

Sama da wata uku ke nan suna kulle. Sito ɗin yana kallon wurin da jirgin ya kife. Makullin yana ɗaure a bakin zanena a ranar, kuma yana nan yanzu da nake rubutu.

Ina cin abinci, kada ki damu. Ki gaishe da Fauziyya da mijinta.

Ƙanwarki,
Zulai'atu

Wara, 28 ga Mayu

Yaya Dudu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun yi sallar Juma'a lafiya, kuma ƙafa ta yi sauƙi. Direban motar kifi ya kawo mini takardarki da turaren. Na gode. Kin ce kada in ɗora wa kaina, kwana ne ya ƙare. Na yarda, kuma ban yi jayayya da hukuncin Allah ba. Sai dai akwai masu sauran kwana, kuma 'yata Amina tana cikinsu. Kin san a tsallake take aure, cikinta wata shida, duk bayan mako biyu sai ta hayo awo asibitin nan. Ga iskar farkon damina ta fara. Duk ranar da za ta zo ba na iya zama wuri ɗaya sai na ji sallamarta.

Mutanen shirin sun zo gaisuwa. Ina cikin takaba, daga bayan labule na amsa, Sarkin Ruwa ne ya shigo da su zaure. Na tambaye su abu ɗaya, me ya hana a buɗe sito. Kowa ya ba ni amsa, kuma ban ji wanda ya yi mini ƙarya ba.

Na gwamnati suka ce babban baƙon da zai yanke ƙyalle ne bai samu lokaci ba, sau uku ana ɗage ranar. Na masu tallafi, wani Bitrus mutumin Zuru, ya ce takardun da za a liƙa a bayan rigunan ne aka mayar, don tambarin wani ɓangare ya fi na wani girma, sai an sake bugawa. Namu na gari kuwa, Sarkin Ruwa da kansa ya amsa cewa direbobin jirgi da masunta sun kasa daidaitawa a kan wanda za a fara ba. Duk suka ce insha Allahu nan ba da jimawa ba. Suka yi addu'a suka tashi.

Bitrus ya dawo shi kaɗai bayan la'asar. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Mama, ni ne na rubuta rahoton mutum taran nan da hannuna. Ban iya barci." Sai ya turo makullinsa ƙarƙashin labule, ya ce dokar aikinsa ba ta yarda ba, amma in riƙe. Yanzu biyu ne a bakin zanena.

Na uku yana hannun Alhaji Sani, wanda ya wakilci gwamnati tun farko. An yi masa canjin wurin aiki zuwa Shanga tun watan Maris. Wanda ya gaje shi ya ce ba a miƙa masa wani makulli ba, sai ya rubuta takarda sama, su kuma su rubuta can.

Ƙannen Malam sun zo da guduma, suka ce in ba su izini kawai. Na hana. Bitrus ya riga ya faɗa mini, in aka fasa sito masu tallafi za su janye, har da maganar cire kututtura. Delu ta ji haushina. Ta ce, "Zulai, ke da kwaɗonki uku! Ko ɓarawo bai samu ba, ko mai nutsewa bai samu ba, ɓera kaɗai ke cin moriyar shirin nan." Na yi dariya ban shirya ba, karo na farko tun ranar. Daga baya ta zauna muka yi kuka.

Jiya na aika aka kira Bitrus, na ce ya karanta mini yarjejeniyar da Hausa, layi-layi, don ranar da na sa hannu da Turanci aka karanta. Ya karanta har ƙarshe. Na ce ya nuna mini inda aka ce sai an yi biki. Ya duba sau biyu, babu. Inda aka ce sai an liƙa tambari, babu. Abin da ke ciki shi ne maganata ta ranar taro: masu makulli uku su haɗu su buɗe. Wata huɗu kowa yana jiran abin da ba a rubuta ba, ni ma haka, don ban taɓa tambaya ba.

Na rubuta wa Alhaji Sani takarda irin wannan da nake rubuta miki. Ban yi masa dogon bayani ba. Na sa sunayen mutum taran, na Malam a ƙarshe, na ce ina da biyu, saura nasa. Delu za ta kai masa har Shanga ranar Litinin, ta ce ba za ta bar ƙofar ofishinsa ba sai ya karanta a gabanta.

Ki sa mu a addu'a. Amina za ta hayo ranar Talata.

Taki,
Zulai'atu

Wara, 19 ga Yuni

Yaya Dudu,

Assalamu alaikum warahmatullah. Yaya gida, yaya damina a wajenku? Mu nan ruwa ya sauka sosai, an gama shuka. Ina lafiya, Amina ma lafiya, tana gaishe ki.

An buɗe sito.

Alhaji Sani ya zo da kansa a kan babur ranar Asabar, kwana biyar bayan Delu ta kai masa takarda. Makullin yana haɗe da na babur ɗinsa duk tsawon lokacin nan. Ya ce da zai bar Wara ya tambayi wanda zai ba, aka ce ya riƙe tukuna, daga nan ba wanda ya sake tambayarsa. Ya ce, "Baiwar Allah, ki yafe mini." Na ce masa ni ma nawa yana jikina a ranar, Allah ya yafe mana gaba ɗaya.

Na aika aka tambayi Liman ko zan iya fita. Ya ce larura ce, in tafi da rana in dawo. Na mayar wa Bitrus makullinsa a hanya, don kowa ya buɗe nasa da hannunsa kamar yadda aka rubuta. Babu rumfa, babu kujeru, babu mai ɗaukar hoto. Nawa kwaɗon ne ya ƙi buɗuwa, ya yi tsatsa, sai da Delu ta ɗiga masa man gyaɗa.

Rufin sito ya yi yoyo a kusurwa ɗaya, gara ta ci kwalaye, ɓeraye sun yanke maɗaurin wasu. Hamsin da bakwai sun lalace. Sauran suna nan lafiya. Na ɗauki ɗaya, ba ta kai nauyin kifi biyu na banda ba. A kafaɗarta akwai ɗan usur, ban lura da shi ba ranar hoto. Bitrus ya ce na kiran masu ceto ne. Na riƙe shi na ɗan jima, sannan na ajiye.

A kan rabo, Sarkin Ruwa ya yanke a tsaye a wurin. Ba za a ba kowa ya kai gida ba, kowane jirgin fasinja zai ɗauki nasa, mai hawa ya sa, in ya sauka ya cire. Masunta suka yi gunaguni, ya ce musu, "Ku da kuka fi kada iya ruwa, me za ku yi da riga?" Aka yi dariya, magana ta mutu. Alhaji Sani ya sa hannu, Bitrus ya sa, ni ma na sa.

Ranar Talata Amina ta hayo da rigar a jikinta. Maɗaurin bai kai ya zagaye cikin ba, Delu ta ƙara masa ƙyalle ta ɗinke, ta ce wa direban ya ware wannan ta masu ciki ce. Amina ta shigo tana ƙorafin zafi, wai kamar an rufe ta a tanda. Na ce ta yi ta ƙorafi, ina son jin sa.

Ba kowa ke sawa ba. Wasu dattawa suna zama a kanta kamar matashi, wasu suna cewa ai mutuwa ba ta duba riga. Delu ta mayar da rumfarta kusa da tashar jirgi, tana yi musu tsiya ɗaya bayan ɗaya. Tana samun wasu.

Bitrus an ba shi takardar gargaɗi saboda makullin da ya ba ni, amma ba a kore shi ba. Shi ne ya faɗa mini cewa an sa sabuwar ranar biki a watan gobe. Suna so a tattaro rigunan na yini ɗaya, a liƙa tambari, a mayar sito, babban baƙo ya buɗe. An ce in kawo kwaɗona. Na ce in ba ranar kasuwa ba ce, kuma ba jirgin da zai tashi, ga kwaɗo. In ba haka ba, su yi bikinsu da hamsin da bakwai ɗin da ɓera ya taɓa, a hoto ba a ganewa. Ban ji amsa ba tukuna.

Kin tambaya ko zan zo wurinki in na fita takaba. Ina so, Yaya, amma ba da wuri ba. Ki gaishe da maigidanki, da Fauziyya, da duk mai tambayata. Allah ya ba ki lafiyar ƙafa, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Abin da zai riƙe ni guda biyu ne. Duk rigunan na manya ne, babu ta yaro ko ɗaya, cikinmu ɓangare uku ba wanda ya tuna, Amina kuwa da goyo za ta riƙa hayewa daga watan Agusta. Kututturen kuma yana nan inda yake. Sarkin Ruwa ya kafa gora kusa da shi ya ɗaura jan ƙyalle, amma ba a cire shi ba.

Ƙanwarki,
Zulai'atu